Ina ake samun kuɗin bincike kan ginin kasuwanci mai samar wa kansa wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni malami ne a sashen fasahar gine-gine na wata babbar makaranta a nan Birnin Kebbi. Ina son in yi bincike kan gine-ginen kasuwanci, irin su rukunin shaguna da otal da ofisoshi, waɗanda wutar da suke samarwa da kansu a shekara ta yi daidai da wadda suke sha. Na ji cewa gwamnatin Amurka ta zuba kuɗi sosai a wannan fanni. To mu a nan wa zai ba mu? Abin da nake tunani shi ne in nemi kuɗin gina ƙaramin ginin gwaji a harabar makaranta, in rufe samansa da sola.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kuɗin akwai su, amma ba don abin da kake shirin nema ba. In ka rubuta takarda kana neman kuɗin bulo da kwano da farantan sola, masu tantancewa za su ga kwangilar gini ce aka kira bincike, su tura ta gefe. Kuma da gaskiyarsu, domin kowa ya san sola tana aiki, ba sai an kashe miliyoyi an sake tabbatarwa ba. Shawarata ita ce ka nemi kuɗin awo. Ka shiga gine-ginen da suke tsaye yanzu a Birnin Kebbi da Jega da Argungu, ka auna wutar da suke sha, da abin da ke shan ta, da zafin da mutanen ciki suke fama da shi. Wannan ne abin da muka rasa, kuma shi ne abin da mai ba da tallafi zai iya sa hannu a kai ba tare da ya ji kunya ba.

Bari mu fara da Amurkar da ka ambata, don mutane da yawa rabin labarin suke ɗauka. A Disambar 2007 ne aka sa hannu kan dokar makamashi da ta kafa shirin gine-ginen kasuwanci masu rama wutar da suka sha, ma'aikatar makamashinsu kuma ta ƙaddamar da shi a 2008. Burin da aka rubuta shi ne duk sabon ginin kasuwanci ya kai wannan matsayi zuwa 2030, rabin dukkan gine-ginen kasuwanci zuwa 2040, sauran duka zuwa 2050. Ginin da aka fi buga misali da shi shi ne ofishin cibiyar binciken makamashi da a lokacin ake kira NREL, da ke Golden a jihar Kolorado, wanda aka buɗe a 2010. Amma kafin a kai ga wannan gini, tun 1979 hukumar ƙididdigar makamashinsu take zagaya gine-ginen kasuwanci bayan kowane 'yan shekaru tana tattara bayanin wutar da suke sha. Daga baya suka fitar da manhajar EnergyPlus a 2001, wadda ake kwaikwayon gini a kwamfuta da ita kafin a sa harsashi, kuma har yau kyauta ce, kai ma za ka iya sauke ta. Saboda haka lokacin da suka zo gina ofishin NREL, sun san abin da ofis irinsa ya saba sha, suka rubuta wa ɗan kwangila a cikin yarjejeniya cewa kada ginin ya wuce kimanin yunit 110 na wuta a kowane murabba'in mita a shekara. Wannan sharaɗin ne ya yi aikin, farantan sola daga baya suka zo. Mu ba mu da ƙididdiga ta kai-a-kai irin tasu, ɗan abin da aka auna ma yawancinsa a Abuja da Legas ne, inda yanayin ba namu ba ne.

Akwai kuma wani abu da ke ɓoye a cikin lissafinsu wanda ba ya zama daram a wurinmu. Ginin Amurka ko na Turai yana tura rarar wutarsa cikin layin gwamnati da rana, ya janyo da dare ko lokacin sanyi, a ƙarshen shekara a yi lissafi a ga an tashi canjaras. Layin ya zame masa kamar rumbu, ya zuba da kaka ya ɗiba da damina. To kai da ke Birnin Kebbi, in rana ta take kana da rara amma layin babu wuta, ina za ka zuba? Rarar ta tafi a banza, da dare kuma janareta ne zai tashi. A takarda ginin zai nuna ya samar da abin da ya sha, a zahiri kuwa yana ƙona dizal kullum. Don haka ka canza ma'aunin tun daga shafin farko na takardarka. Ka ce abin da kake bi shi ne awa nawa a shekara gini zai yi aiki, mutanen ciki suna cikin sanyin da za a iya jurewa, ba tare da an kunna janareta ba. Wanda ya san fannin, da ya ga wannan zai gane ba kwafo ka yi ba.

Ga ɗan lissafi da zai nuna maka dalilin da ya sa nake cewa sola ba ita ce matsalar ba. A ɗauka rukunin shaguna ne mai ƙasa da sama, kowane hawa murabba'in mita 500, jimilla 1,000. Rufinsa 500 ne, amma in ka cire wurin tankin ruwa da hanyar da mai wanke faranti zai bi da inda inuwa ke faɗawa, da ƙyar ka tsira da 350. Farantin zamani yana ba da kimanin wat 200 a murabba'in mita, ka ga kilowat 70 ke nan. A irin ranarmu kowane kilowat zai ba ka wajen yunit 1,600 a shekara, wato yunit 112,000 gaba ɗaya. Yanzu a ce ginin yana shan yunit 150 a kowane murabba'in mita, misali kawai na ɗora. Buƙatarsa 150,000 ce, rufin ya gaza da 38,000, kuma babu inda za ka ƙara faranti. In ka iya sauko da shan zuwa 90, buƙatar ta koma 90,000, har da rara. Ka ɗora masa hawa biyu kuma, rufin yana nan yadda yake amma ɗakunan sun ninka, sai ka sauko zuwa 56 kafin lissafi ya tashi. Shi ya sa ginin ofisoshi na Bullitt mai hawa shida da aka buɗe a birnin Siyatil na Amurka a 2013, duk da ƙarancin wutar da yake sha, sai da aka faɗaɗa rufinsa ya zarce bango kafin farantan su wadatar. Duk wasan yana wajen rage sha, kuma a ƙasar Kabi mafi yawan shan nan na sanyaya ɗaki ne.

Ka je ka tsaya gaban ɗaya daga cikin sababbin rukunan shagunan da ake ta ginawa a gari, da misalin ƙarfe uku na rana a watan Afrilu. Gaban ginin gilashi ne daga sama har ƙasa, sau da yawa yana kallon yamma saboda nan titi yake, babu baranda, babu abin da zai tare rana. Rufin kwano ne mai duhun launi don ya yi kyau a ido, ƙarƙashinsa silin na roba ko na filasta, tsakaninsu babu komai sai iska da ta rasa mafita. Kwano mai duhu a irin wannan rana yana iya haura digiri 70. Ka shiga shagon mai sayar da magani a hawan sama, za ka tarar da AC a bango amma a kashe, fanka tana kaɗa iska mai zafi, firijin allurai yana ta gurnani bai huta ba tun safe, mai shagon ya jawo benci ya zauna a bakin ƙofa. In ka tambaye shi don me bai kunna AC ba, zai ce maka tun da aka cire tallafin mai a 2023 sai in babban kwastoma ya shigo.

Wannan mutumin shi ne tarkon da ke cikin bincikenka, ka kula da shi sosai. In mitar wuta kaɗai ka karanta, za ka ce ginin nan ba ya shan komai, 'yan faranti kaɗan sun ishe shi. Alhali ba ƙarancin buƙata ba ne, haƙuri ne. Ranar da ka sa masa sola, ranar zai kunna AC daga safe har magariba, ya ƙaro firiza, lissafinka ya rushe. An sha ganin haka a ƙananan tashoshin sola na kasuwanni da ƙauyuka, da wuta ta samu sai buƙata ta tashi. Don haka awonka ya zama kashi uku a tare: wutar layi, man janareta, da zafi da laimar cikin ɗaki. Man janareta kana iya mayar da shi yunit, don litar dizal ɗaya tana ba da kusan yunit 3 a matsakaicin janareta, tana kuma fitar da hayaƙin kabon kusan kilo 2.7. Na'urorin ba su da tsada in aka kwatanta da gini: ƙananan ma'aunan zafi da laima masu adana bayani da kansu, ka rataya ɗaya cikin shago, ɗaya cikin silin, ɗaya a inuwa a waje, mita mai maƙalewa a jikin waya don kowane babban layi, ma'aunin hasken rana guda ɗaya a kan rufi, da littafi a hannun mai kula da janareta. Littafin nan shi ya fi komai wuyar samu daidai, ka ware ɗan ihsani a kasafinka don wanda zai riƙa cika shi.

Da ka sami bayanan shekara guda, tambayoyin bincike za su yi maka yawa. Rufi shi ne na farko. Me farin fenti a kan kwano zai rage, kuma wata nawa zai yi kafin ƙura ta mayar da shi ja? Me rufi biyu zai yi, wato a ɗaga kwano sama a bar iska tana ratsawa, irin yadda mai zanen gini Francis Kéré ya yi a makarantar Gando ta Burkina Faso a 2001? Ba sai ka je nesa ba ma, a Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, garin Hausawa ne, an gina masallaci da kasuwa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, kuma yanayinsu ɗaya da namu. Sai buntun shinkafa, wanda ke tsibi-tsibi a bayan injinan casa na Argungu da Birnin Kebbi. Ana iya gwada shi a matsayin abin tare zafi a cikin silin in an magance matsalar gobara da ƙwari, tokarsa kuma in an ƙona ta yadda ya kamata tana maye gurbin wani kaso na siminti. Wannan tambaya ce da ɗan Kebbi ya fi kowa cancantar yin ta, kuma masu ba da tallafi suna son abin da ya fito daga ƙasar mai nema.

Akwai ƙurar hunturu. Kowa ya san tana rage ƙarfin faranti daga Nuwamba zuwa Fabrairu, amma mai rukunin shaguna yana son ya san sau nawa za a wanke a mako, da ruwa nawa, kuma ko ladan mai wankin ya kai wutar da aka ceto. Layi biyu na faranti, ɗaya ana wankewa ɗaya an bar shi, sun isa su ba ka amsa. Zafi ma yana cin faranti, kusan kashi 0.35 zuwa 0.4 cikin ɗari ga kowane digiri sama da 25, shi ya sa wanda aka manna a jikin kwano ba ya kai wanda aka ɗaga. Batir kuwa ya fi faranti jin jiki. Na dalma, in ɗakin da yake ciki ya ɗara digiri 25 da kamar digiri 10, rayuwarsa tana raguwa da kusan rabi, kuma a yawancin gine-ginenmu ƙarƙashin matakala ake cusa shi inda babu ko taga. Sannan ka duba sanyaya iska da ruwa, ka'idar da ke sanyaya ruwan randa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu iskarmu a bushe take ƙamas, na'urar da ke aiki da wannan ka'ida tana shan wuta kaɗan ƙwarai in aka gwada da AC. Da damina ta kawo kai, laima ta tashi, sai amfaninta ya ragu. Wata nawa take ci a Argungu, wata nawa a Yawuri da ke bakin kogin Kwara? Ka ga wannan shi kaɗai ya isa digiri na biyu ga ɗalibi.

Kada ka haɗa otal a zagayen farko. Shaguna da ofisoshi da bankuna da rana suke shan wutarsu, lokacin da faranti ke bayarwa, batir kaɗan ya ishe su. Otal da dare yake sha, matsalarsa daban ce.

Yanzu ga maganar inda kuɗin suke. Ƙofa mafi kusa da kai ita ce TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, kuma tana da hawa biyu. Na ƙasa shi ne tallafin bincike na cikin makaranta, wanda ake kira IBR, da ake nema ta kwamitin bincike na makarantarku. Kuɗinsa ba yawa, amma ya isa ka sayi ma'aunai ka bi gine-gine uku ko huɗu na shekara guda, kuma abin takaici a makarantu da dama kason yakan kwana ba a nema ba. Na sama shi ne Asusun Bincike na Ƙasa, NRF, inda aiki ɗaya ke iya samun goman miliyoyi. Can sai ka fara tura taƙaitaccen bayani, in ya tsallake a nemi cikakkiyar takarda, sannan a kira ku ku kare ta baki da baki. Suna son tawaga mai fannoni daban-daban daga makarantu fiye da ɗaya, da jagora mai digiri na uku da tarihin wallafa. In ba ka kai nan ba tukuna, ba abin kunya ba ne ka nemo babba ya jagoranta kai ka riƙe aikin fili. Ka haɗa injiniyan lantarki, da mai zanen gini, da masanin tattalin arziki, daga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da Kwalejin Waziri Umaru, in ka so ka miƙa hannu har Jami'ar Tarayya ta Gusau ko kwalejin Ƙauran Namoda don a sami kwatanci da Zamfara. Wanda ya zo NRF da jadawalin awo na shekara guda daga IBR a hannunsa ya riga ya yi wa mai zuwa da buri kawai nisa.

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, ka hau mota ka je Sakkwato. Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Makamashi ta Ƙasa, tun farkon shekarun 1980 take aikin hasken rana a irin yanayinmu. Ba lallai su ba ka kuɗi ba, amma suna da kayan awo da mutanen da suka san su, kuma wasiƙar haɗin gwiwa daga wurinsu tana da nauyi. Haka Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa, NBRRI, wadda ta daɗe tana aiki kan tubalin ƙasa na inji. Hukumar samar da wuta a karkara, REA, ba mai ba da tallafin bincike ba ce, ayyuka take yi, irin tashar sola mai megawat 7.1 ta Jami'ar Bayero da aka ƙaddamar a 2019, da wutar kasuwar Sabon Gari ta Kano, da shirin faɗaɗa samar da wuta mai sabuntuwa, DARES, na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2023. Amma kamfanonin da ke karɓar waɗannan ayyuka suna matuƙar buƙatar sanin yadda kasuwa ke shan wuta awa bayan awa kafin su zuba jari. In kana da wannan bayani, su za su neme ka.

A waje akwai shirin haɗin gwiwar Tarayyar Turai da Tarayyar Afirka kan makamashi mai sabuntuwa, LEAP-RE, da Energy Catalyst na Birtaniya, amma waɗannan ba a shigar su kai kaɗai, sai cikin gungu da jami'o'i ko kamfanonin wasu ƙasashe, kuma sukan buɗe su rufe, sai kana bibiya. In digiri na uku kake hari, shirin WASCAL da Jamus ke ɗaukar nauyi yana da reshen sauyin yanayi da makamashi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, nan kusa da mu. Manyan asusun sauyin yanayi na duniya kuwa kada ka ɓata lokacinka a kansu yanzu, da gwamnatoci da bankuna suke hulɗa.

Duk inda za ka nema, ka jingina takardarka da manufar da gwamnati ta riga ta sa wa hannu. Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin kabon da take fitarwa da wanda take kawarwa zuwa 2060, aka yi dokar sauyin yanayi a shekarar, aka fitar da tsarin sauya makamashi a 2022. Wanda ya fi shafarka kai tsaye shi ne kundin ƙa'idojin tsimin makamashi a gine-gine na 2017, wanda ma'aikatar wuta da ayyuka da gidaje ta fitar da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Jamus, GIZ. A ciki an ce taga kada ta wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai in an yi mata inuwa, a sa abin tare zafi a rufi, fitilun ofis kada su wuce wat 8 a murabba'in mita, AC kuma ta zama mai inbata. Kundin ba ya cizo sai jiha ta shigar da shi cikin sharuɗɗan ba da izinin gini. Ga kuma dokar lantarki ta 2023 da ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. In ka rubuta cewa sakamakon aikinka zai nuna wa hukumar raya birane ta jiha wanne daga cikin sharuɗɗan nan ya fi biyan kuɗinsa a yanayin Kebbi, ka amsa tambayar da kowane mai tantancewa yake yi a zuciyarsa, wato wa zai yi amfani da wannan bayan an gama.

Masanin tattalin arzikin da na ce ka saka ba don cika lamba ba ne. Mai gini shi ke biyan kuɗin rufi, ɗan haya shi ke sayen mai. Alhajin da ya gina rukunin shaguna ba shi da dalilin ƙara ko sisi a kan abin tare zafi, tun da ba shi zai zauna ciki ba, kuma kuɗin haya na shekara ya riga ya karɓa. Sai dai in an nuna masa cewa zai iya zama shi ne mai sayar wa 'yan hayarsa wuta, kowane shago da mitarsa, a farashin da ya gaza na janareta. A nan ne ginin da ba ya ɗaukar zafi yake zama riba gare shi, don da faranti kaɗan zai wadatar da shaguna da yawa. Ka sami mai gini ɗaya da zai yarda a gyara rufin rabin gininsa a bar rabi yadda yake, ka auna ɓangarorin biyu a bazara guda. Ginin gwajin da kake so ke nan, kuma akwai mutane na gaske a ciki suna ciniki, abin da ɗakin da za ka gina a harabar makaranta ba zai taɓa ba ka ba. Ka karɓi amincewarsa a rubuce ka liƙa a bayan takardarka.

A kasafi ka bar gibi don tashin farashi, tun da yawancin ma'aunan daga waje ake shigo da su, ka kuma sayi fiye da adadin da kake buƙata, don wasu za su mutu da zafin cikin silin wasu kuma za su yi ƙafa. Ka zaɓi garuruwan da za ka iya zuwa duk wata ba tare da fargabar hanya ba, domin masu tantancewa sukan tambayi wannan in sun ga sunan yankinmu. Ka kuma tsara lokacinka yadda ma'aunan za su kasance a rataye kafin ƙarshen Janairu, su kama wutsiyar hunturu su shiga bazara. In kuɗin suka fito a watan Yuni, ka sayi kaya ka gwada su da damina, amma kada ka fara ƙirga shekarar awonka sai ka tabbata Maris da Afrilu da Mayu suna cikinta.